Littafin da Goggo ta mayar

Goggo ta dangwara littafin a gaban mai kantin littattafan wasa, ta jawo kujera ta zauna, ba wanda ya ce mata bismilla. Ƙafafunta duk sun kumbura.

Tun da motar Auta, ɗanta direba, ta kife, yake kwance da ƙarfe a cinya. A da shi da abokansa sukan kewaye tebur da littafi da 'ya'yan lido, ɗaya yana jan labari, sauran su zama jaruman cikinsa. Mai littafin ya ƙaura da abinsa, wasa ya mutu, abokai suka ɗauke ƙafa. Ganin Auta ya koma kallon silin ne ya sa ta zo sayen wani. Ba ta karatu, sai ta zaɓa yadda take zaɓen yadi: ta ji nauyi, ta murza takarda, ta duba launi. Mai kanti yana kallo, ya naɗe mata mafi kauri.

Da ta kai gida, Auta ya buɗe, ya rufe. Dodanni ne zalla a ciki, ba ya amfani sai da littafin dokokin wasan.

Yanzu mai kanti ya ce an yage leda, ba ya karɓa.

"Ka ga tsohuwa, ka sayar min da murfi ba tukunya. Ko tambaya ka yi?"

"Mama, ai ke kika zaɓa."

"Kai kuma an ajiye ka nan don ado?"

Ta ce ba inda za ta. Wasu masu irin wasan Auta a teburin baya suka dakata. Wani mai sanƙo, wanda ke jan labarinsu, ya zaro wani siririn littafi daga ƙasan kanta, ko hoto babu, ya ce komai yana ciki, sauran ƙari ne. Goggo ta auna shi a tafin hannu, ta taɓe baki. Mai kanti ya gaji, ya musanya.

Ta tambaya mutum nawa ake bukata a wasan. Mai sanƙo ya ce huɗu sun fi daɗi, amma biyu ma suna yi. Ta kwatanta musu gidanta, ta ce akwai tebur. Ya ce za su gani.

Goggo ta san wannan za mu gani. Ta gyara zama, ta tura masa littafin.

"Karanta min daga farko, ɗan nan. A hankali. In ba ku zo ba, ni ce ta biyun."