Na Ɗauka Mai Gona Ne Ya Aiko

Hausar maigidana Yousef ta gado ce. Kakarsa ce ta bar masa ita, wata tsohuwa da aka ce iyayenta sun biyo ayari daga kudu, ta rasu a unguwar Sukra yana ɗan shekara tara. Sauran ya tsince ta a kasuwar Sabha, wurin direbobi da 'yan dako. Ni Zulaihatu da aka haifa a Damagaram, shekara shida ina gidansa yana ce mini “kai”. Ya ci tuwo ya lashe hannu ya ce, “Kai Zulai, miya ya yi zaƙi.” In yi ta dariya har in riƙe ciki. Ban taɓa gyara masa ba, don daɗi take yi mini a kunne, kuma har yau ban yafe wa kaina wannan ba.

Shekarun nan ne da rediyo ba ta da zance sai Afirka uwa ɗaya ce, aka liƙa taswirarta a kowane kwanar titi, mutanenmu kuma suka riƙa sauka daga kan manyan motoci suna neman aikin gona da na gini. Shagon Yousef na dabino da ganyen shayi yana kallon markaz, wato ofishin 'yan sanda. Duk ranar da aka kamo baƙon da ba ya jin Larabci, sai ɗan sanda ya tsallako titi ya kira shi tafinta. Yana son aikin nan fiye da shagon. Har wata farar riga ya rataye a bayan ƙofa domin shi.

Wata Talata ya dawo cin abincin rana bakinsa har kunne. Ya ce yau an yanke wa ɓarawon injin hukunci, alƙali kuma ya gode masa a gaban jama'a. Na ce wane ɓarawo? Sai ya gyara zama ya ba ni labari. Wani ɗan Tawa ne mai suna Maazou, yana ban ruwa a wata gona a Samnu. An nemi injin da ke jawo ruwa daga rijiya an rasa, kuma shi kaɗai ne a gonar ranar. Da aka kai shi markaz, aka tambaye shi yadda aka yi injin ya bar wurin da tsakar rana bai yi kururuwa ba.

“Shi ya faɗi da baki nasa, Zulai,” in ji Yousef. Ya ɗaga yatsa yana kwaikwayon muryar mutumin. “Ya ce, *na ɗauka mai gona ne ya aiko.* Ni ya gaya wa hafsa, ya ce shi ya ɗauka, mai gona ya aike shi. Mai gona ya rantse bai aiki kowa ba. Shi ke nan, ƙarya ya ƙare.”

Ludayi na hannuna, na kasa juya shi. Na ce ya sake faɗin maganar kamar yadda ya ji ta. Ya sake, tiryan-tiryan, don Allah ya ba shi riƙe magana ko bai gane ta ba. Duk wanda ya sha Hausa a nono ya san abin da bawan Allahn nan yake nufi. Cewa ya yi ya zaci mai gona ne ya turo mutane su kwance injin. Babu abin da ya ɗauka sai zato. An rubuta da Larabci cewa ya amsa laifi, ya dangwala yatsa. A kotu kuma aka nuna masa takardar, Yousef ya tambaye shi ko maganarsa ce, ya ce tasa ce. Shekara biyu a kaso, in ya gama a mayar da shi bakin iyaka.

Na zuba masa miya, na ce Allah ya kyauta.

Tsoro ne ya rufe mini baki, ba zan ɓoye ba. Na san ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani kafin ya yi tafinta, ban kuma san abin da ake yi wa wanda ya rantse ya faɗi ba daidai ba. Na ce wa kaina mutumin nan ban san shi ba, ko fuskarsa ban taɓa gani ba. To amma rashin sanin fuskar ne ya zame mini masifa, don kowace fuska sai ta zama tasa. In na shiga motar haya na ga wani da laka busasshiya a ƙafa, sai in ce ko shi ne. In maƙwabta suka tayar da injin tankinsu, sai in tsaya da abin da nake yi har ya mutu. Maganar kuma ta maƙale mini a harshe. Ashe a yini ina faɗinta ya fi sau goma ban sani ba: na ɗauka gishiri ya isa, na ɗauka yau Laraba ce. Kowace na faɗa sai in ji kamar akwai wani zaune a bakin ƙofar kicin yana saurare.

Kwana shida na yi a haka. A na bakwai, da hantsi, ina shanya, Yousef ya dawo ɗaukar makullin da ya manta. Na ji motsi na juyo a firgice, na kira shi da sunan 'yarmu kamar kullum, na ce, “Kai, Baban Hana, na ɗauka baƙo ne.”

Ya yi dariya. “Kai ya ɗauki baƙo? Ina kai ya kai shi?”

Na ajiye zanen da ke hannuna. Na zaunar da shi a kan tabarma, na yi masa bayani da Hausa, na sake da guntun Larabcina, na kawo masa misali bayan misali. Da farko ya yi gardama, ya ce ɗauka ɗauka ce, kakarsa haka take faɗi. Can sai na ga leɓensa yana motsi, yana maimaita maganar Maazou a hankali, yana sa mata sabuwar ma'ana. Ya duba tafin hannunsa na dama ya daɗe. Ya tambaye ni yaushe na gane. Na gaya masa gaskiya. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

Na faɗi abin dariyarsa, to bari in faɗi na kirkinsa. Ranar bai buɗe shago ba. Ya nufi wurin wani lauya, Ustaz Nasr, ya zayyana masa komai ba tare da ya rage wa kansa laifi ba. Lauyan ya ce ya zo a kan gaɓa, lokacin ɗaukaka ƙara bai wuce ba, amma kada mu sa rai da yawa.

“Maganarka kaɗai ba za ta fitar da shi ba,” in ji shi. “Alƙali zai ce matarka 'yar ƙasarsu ce, ta lallashe ka. Dole Maazou da kansa ya tsaya ya faɗi abin da ya gani ranar, motar da ta zo, mutum nawa ne, me ya sa bai hana su ba. In ya faɗa, aka rubuta, to akwai hanya.”

Wata biyar muka jira ranar zama. A ciki Yousef ya je kaso sau uku da burodi da dabino. Zuwan farko Maazou ya fito, ya tsaya a bayan ƙarfe ya saurari bayani har ƙarshe, ya juya ya koma. Sauran biyun bai ma fito ba. Wani mai gadi ya ce tun da aka kawo shi ba ya magana da kowa, in ba sallah yake ba ba a jin muryarsa. Yousef ya rame. Ya daina yi mini Hausa kwata-kwata, sai Larabci, gidan ya zama kamar na wasu mutane. In ɗan sanda ya tsallako titi kiransa, sai ya ce maƙogwaro ke damunsa.

Muka shiga neman wani tafinta. A garin da Hausa ta cika kasuwa, sai ga shi mai shiga kotu ya gagara. Wanda ya iya Larabci ba shi da takardar zama, mai takarda kuma Larabcinsa na ciniki ne. Ga shi lokacin labari ya zo daga biranen bakin teku cewa an far wa baƙi, kowa ya shiga taitayinsa. Daga ƙarshe wani direba, Djibrilla, wanda ya yi karatun allo da na Larabci, ya ce zai zo don Allah. Ranar zama muka tsaya a ƙofar kotu tun sassafe muna duban titi. Har aka kira ƙara Djibrilla bai zo ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, ni da na yi kwana shida ina ɓoye gaskiya.

A ranar na fara ganin Maazou. Ba shi da kama da ko ɗaya daga cikin fuskokin da na yi ta ba shi. Gajere ne, mai furfura a gemu, ya girmi Yousef nesa. Ya zauna a cikin kejin waɗanda ake tuhuma, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon ƙasa.

Yousef ya ba da shaida, bai tsallake komai ba. Alƙalin dattijo ne mai haƙuri, ya saurara, ya yi tambaya biyu, ya ce to a ji daga bakin mai maganar. Ustaz Nasr ya nuna ni ya ce ga wadda Hausa harshenta ne. Alƙali ya jefo mini wata tambaya da Larabcin kotu, na yi tsuru-tsuru, ko kalma uku ban kama ba. Larabcina na cefane ne, bai fi Hausar mijina ba. Ya girgiza kai ya ce matar mai shaida ce ma, ba za ta yiwu ba. Ya ce ƙarar ta daɗe, ba zai sake ɗage ta ba. Tun da Yousef ya gane kuskurensa, a sake rantsar da shi ya yi.

Aka rantsar da Yousef. Ya matsa kusa da kejin. Na ga ya haɗa kalmomin a ransa kafin ya furta, irin yadda muka yi ta bita a gida.

“Malam Maazou, alƙali yana tambaya, me ka gani ranar da aka kwance injin?”

Maazou bai ɗago ba. Fanka tana juyawa a sama, magatakarda ya riƙe alƙalami yana jira. Alƙali ya ce a sake. Yousef ya sake, ya ƙara da roƙo.

“Don Allah, Malam. Ka faɗi kawai. Yanzu na sani. Wallahi na sani.”

Ni ma daga benci na ce, “Baba, ka yi magana,” sai ɗan sanda ya daka mini tsawa. Alƙali ya ce wannan ce ta uku kuma ta ƙarshe. A nan ne Maazou ya ɗaga kai ya dubi Yousef. Babu fushi a idonsa, ni dai ban gani ba. Muryarsa ta dushe kamar ta wanda ya tashi daga ciwo.

“Wancan karo gaskiya na hwaɗi. Ta biyo ta bakinka, ta koma shekara biyu. In na ƙara wata, mi za ta koma?”

Ya mayar da kansa ƙasa.

Alƙali ya tambayi abin da ya ce. Yousef ya juya ya fassara, kalma bayan kalma. Da ɗan Larabcina na bi shi, kuma na rantse bai kauce ko da wasali ɗaya ba. Alƙali ya cire tabarau ya murza ido, ya tambaya ko akwai ƙari a kan injin. Babu. Ustaz Nasr ya miƙe yana neman a ba shi wani lokaci, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya ce shi da abin da ke cikin takarda yake aiki, kuma a takarda akwai amsa laifi da yatsa, babu wata magana daga mai yatsan da ta rushe ta. Ya sa magatakarda ya rubuta cewa an tambayi wanda ake tuhuma sau uku bai kawo sabon bayani ba. Hukuncin farko yana nan.

Ta gabana aka bi da Maazou za a fita. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Baba Maazou, sannu. Ka yafe mana, don girman Allah ka yafe mana.”

Ya tsaya cak. Ina jin tun da aka kama shi bai ji Hausar gida ba sai a lokacin. Ya dube ni sama da ƙasa, kamar yana neman inda ya san ni.

“Ɗiyata, ke da kin iya ta haka,” ya ce, “ina kike ran nan?”

Mai gadi ya ja hannunsa kafin in buɗe baki. Ko da bai ja shi ba, ban san yadda zan gaya masa ba cewa ina gida, tsallaken tituna biyu daga markaz, ina tankaɗen gari.