Tafin Godiya

"Mama, abu uku kawai na roƙe ki," in ji Tiyamike, tana cusa zanin uwarta cikin jaka a ƙofar masaukin coci. "Kada ki yi magana a mota. Kada ki gaishe da kowa. Sannan don girman Allah, hannuwan nan naki ki riƙe su."

Nachisale ta dubi baƙin siket ɗin da aka sa ta sakawa, ta ja shi ƙasa, ya ƙi sauka. "Kwana biyu ina zaune a bas tun daga Dedza, ƙafafuna sun kumbura kamar rogo, ashe zuwa na yi in zama bebiya. To hannuwan kuma me suka yi miki?"

"Tafi, Mama. Nan ba a tafa wa mutum don an gode masa. Sau ɗaya kika yi, an san ke 'yar Malawi ce."

"Da can 'yar ina ce?"

Tiyamike ta rufe jakar. Shekararta tara a Durban ta Afirka ta Kudu, kuma a unguwarsu ta bayan gari babu mai sanin wata Tiyamike. Zodwa suka sani, tela mai ɗakin kwano a ƙarshen layi, wadda ta ce daga can arewa take. Zulanci ya zauna a bakinta har da shi take mafarki. Duk abin da ta mallaka yana cikin ɗakin nan: keken ɗinki, katifa, da 'yarta Nosipho mai shekara bakwai. Bara da samarin unguwa suka bi gida gida suna fito da baƙin ƙasa, tana tsaye cikin 'yan kallo aka cinna wa shagon wani ɗan garinsu wuta. Ya kalle ta, ya gane ta, bai kira sunanta ba. Tun ranar ba ta ƙara yin barci mai nauyi ba.

Shi ya sa da uwarta ta ce tana tafe, ta nema mata gado a cikin gari, ta bar Nosipho wajen maƙwabciya. Dabararta ita ce ta cika tsohuwar da yawo da kallo har ta gaji, gobe da safe ta saka ta a bas. Abin kunya ne, ta san abin kunya ne, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi.

Ta ɗaga yatsa a bakin titi, motar haya ta tsaya.

* * *

Nachisale ta cika alkawari a motar farko, sai dai shirun nata ya fi surutu tayar da hankali. Duk ginin da ta gani sai ta zunguri 'yar da gwiwar hannu. Da ta hango masu jan keken baƙi da hulunansu na ƙahon sa, ta toshe baki da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ita kuwa Tiyamike fuskokin fasinjoji take bi ɗaya bayan ɗaya, tana neman wadda ta sani.

Suna sauka a bakin teku tsohuwar ta saki numfashi. "Yauwa! Saura kaɗan maganar ta fito mini ta kunne."

Ta cire takalmi ta nufi ruwan kai tsaye. Igiyar ruwa ta zo ta bugi ƙwaurinta, ta yi baya tana ihu, ta sake komawa. Ta ɗebo da hannu ta ɗanɗana, ta tofar.

"Wannan wace marar hankali ce ta yi girkin? Tafkinmu ya fi shi tarbiyya. Wannan ko zama ba ya yi."

Duk da haka ta sa aka saya mata jarka wajen matan da ke sayar da su a bakin rairayi. Matan cocinsu sun yi mata saƙon ruwan teku, kowa da ciwon da take son shafawa. Ta cika jarkar, ta zuba yashi kaɗan a ciki don kada a ce gishiri ta jiƙa a hanya. Tiyamike ta tsaya tana kallonta, siket ya jiƙe har cinya, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Ta tsufa. Shekara tara a waya ba ta nuna mata haka ba, sai ta ji tausayi ya kama ta.

"To, na ga ruwa," in ji Nachisale tana murɗa murfi. "Yaushe zan ga jikata?"

"Tana makaranta, Mama."

"Yau Asabar."

"Suna da darasin ƙari. Zo mu je kasuwa kafin a cika."

Nachisale ta daɗe tana dubanta, irin duban da take mata tun tana yarinya idan sukari ya ragu a gwangwani. Sannan ta ɗora jarkar a ka, suka tafi.

* * *

Mota ta biyu ta sauke su a babbar kasuwa. Ƙamshin barkono da kori ya sa tsohuwar atishawa har sau biyar. Ta taɓa bargo, ta ƙwanƙwasa tukwane, ta saya wa mijinta hular sanyi, duka ta hanyar nuni da yatsa. Tiyamike ce ke yin ciniki, tana ɗaga murya da Zulanci fiye da kima, tana waiwaye.

A rumfar takalman yara Nachisale ta kafe. Ta miƙa hannu. "Zaren."

Tun a waya ta ce a auno mata ƙafar yarinyar. Tiyamike ta ciro guntun jan zare daga aljihu, wanda ta auna da shi Nosipho na barci. Tsohuwar ta bi takalman ɗaya bayan ɗaya tana shimfiɗa zaren a tafinsu, ba ta gaggawa, har mai rumfar ya fara tsaki. Ta zaɓi wani ruwan ɗorawa mai ɗan fure a kan maɗauri. Ta ƙudundune zaren ta tura cikin na dama, ta rungume ledar.

"Da hannuna zan saka mata," ta raɗa.

"Za mu gani, Mama."

"Kina ta cewa za mu gani. Ni gobe zan tafi, Tiya. Ko ƙyamata kike yi?"

"Haba Mama!"

"To me na yi?"

Ta ina Tiyamike za ta fara? Ta ce mata mutanen da take ci da sha da su, masu riƙe mata 'ya, masu kawo mata miya idan ba ta da lafiya, su ne za su fito mata da katifa waje ranar da suka ji sunanta na gaskiya? Ta ja hannun uwar kawai suka kutsa cikin taro.

* * *

Da la'asar tasha ta cika maƙil. Hayaƙin masu dafa kan sa ya haɗu da na motoci, 'yan kamasho suna ta kiran sunayen unguwanni. Motar da ke bi ta gaban masaukin ita ce mai wucewa har unguwar su Tiyamike, babu wata. Ta tura uwarta kujerar baya, ta zauna kusa da ita, jarkar a tsakanin ƙafafunsu. Saura mutum biyu mota ta cika. Ta fara addu'a a zuci.

"Mama!"

Nosipho ce ta faɗo cikin motar, da alawa a hannu. A bayanta MaShezi maƙwabciya tana hawowa da ƙyar, da ledoji niƙi-niƙi. Mace ce mai kirki, ita ta karɓi haihuwar yarinyar. Ɗanta Bheki kuma shi ya riƙe galan ɗin fetur bara.

"Zodwa! Kin ce aiki za ki kai, ashe yawo kika fito, munafuka," in ji MaShezi tana dariya. "'Yarki ta hana ni sakat sai na zo da ita. Matsa mana, wannan jikin ba na rabin kujera ba ne."

Yarinyar ta matse tsakanin uwarta da tsohuwar. Tiyamike ta ji jikin Nachisale ya sandare. Tsohuwar ba ta jin Zulanci ko kalma ɗaya, amma wushiryar nan ta sha ganinta a hoto, kuma irin tata ce. Idanunta suka bi goshin yarinyar, kunnuwanta, har zuwa ƙafa. Leɓunanta suna motsi, ba sauti.

Mota ta tashi. Aka miƙa kuɗin mota gaba, hannu zuwa hannu. MaShezi ta ɓare lemo, ta ba yarinyar, ta ba Tiyamike, sannan ta miƙa wa tsohuwar, ta kira ta Gogo, yadda suke kiran kowace tsohuwa.

"Gogo, jiƙa maƙoshi. Zafin yau ba na wasa ba ne."

Tun safe Nachisale take riƙe da hannuwanta. Amma ga mace ta kawo mata jikarta har gefenta, ga shi kuma ta ba ta abinci. Shekara sittin da biyar ba ta taɓa karɓar alheri ta yi shiru ba. Ta sunkuyar da kai, ta haɗa tafukanta a lanƙwashe, ta tafa sau biyu a hankali, ta yi godiya da harshen garinsu.

Motar ta yi tsit, sai waƙar rediyo.

Wani mai hular leburori a kujerar gaba ya juyo. "Wannan tafin na san shi. Har tsofaffinsu suka fara kwasowa? Asibiti su, aiki su, yanzu kujerar mota ma su."

"Kai, bar tsohuwa ta sha lemonta," in ji wata mata.

"Direba, ka san abin da ka ɗauko?"

"Ta biya," in ji direban, bai waiwayo ba. "Wanda bai so ya sauka."

MaShezi ta dubi tsohuwar, ta dubi jarkar da ke jingine da ƙafar Tiyamike. "Zodwa, tare kuke?"

A ranta Tiyamike ta ga ɗakin kwanon, ta ga keken ɗinkin, ta ga Nosipho tsaye a titi da katifa. 

"A'a," ta ce. "A layi na same ta, na kama mata jarka. Ban san ta ba."

Kuma ta janye ƙafarta daga jikin jarkar.

Nachisale ba ta ji maganar ba, amma ta ga ƙafar. Ta dubi 'yarta sau ɗaya. Babu fushi a duban, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Ta mayar da fuska taga, ɓarin lemon yana hannunta ba ta sha ba. Nosipho kuwa gyangyaɗi ya ɗauke ta, kanta ya gangara ya sauka a kafaɗar tsohuwar. Nachisale ba ta motsa ba, ko numfashi da dabara take yi, har suka wuce gada da fitilun hanya uku.

Da shuɗiyar ƙofar cocin ta bayyana, Tiyamike ta ce da muryar da ba tata ba, "Direba, tsohuwar nan ta nuna mini a coci za ta sauka."

Nachisale ta tallafi kan yarinyar da hannu biyu, ta mayar da shi kafaɗar uwarta. Ta ja jarkarta ta bi ta kan ƙafafun mutane ta fita. Babu wanda ya kama mata.

Mota ta ja. Nosipho ta farka tana murza ido. "Mama, Gogo ta manta ledarta."

Kafin a hana ta, ta zaro takalmin ta zura ƙafa. Wani abu ya tokare ta, ta ciro guntun jan zare ta yar a cinyar uwarta, ta ɗaure maɗaurin.

"Daidai ni!"

"Ikon Allah," in ji MaShezi tana leƙawa. "Sai ka ce an auna. Bar mata kawai, ina za ki ƙara ganin matar?"

Tiyamike ta damƙe zaren a tafinta, ta waiwaya ta gilashin baya. Uwarta na tsaye a bakin titi cikin siket ɗin da ba nata ba, jarkar a ƙasa, tana bin motar da ido. Ba ta ɗaga musu hannu ba. Ta cusa hannuwan biyu a hammata, ta matse su gam.