Abin da Baƙi Ke Kashewa a Rana

Ka sha wucewa ta layin masu sana'ar hannu da ke bayan babban otal. Ka ga takardar da aka liƙa a bango, ka kau da kai kamar ba ruwanka. Baduku bai iya karatu ba, sai maƙwabcinsa Masassaƙi ne ya karanta masa da safen nan: za a tashi layin, a yi wurin ajiye motocin masu zuwa taro.

Yana tsaka da ɗinki motar baƙi ta tsaya. Ya ajiye basilla ya miƙe. Mutum talatin suka sauko, jagoransu ya ce minti goma. Suka ɗauki hoton jakunkuna, da hannun Baduku, da Masassaƙi yana hamma. Wata dattijuwa ta sayi maratayin makulli guda ɗaya.

"Ka ga ciniki!" in ji Masassaƙi. "Yau kai za ka ciyar da layin nan."

"Kai da aka ɗauke ka baki buɗe, nawa aka ba ka?"

Shekara talatin yana wannan rumfa. Baƙin farko masu hutu ne, su yi mako biyu a gari, su zauna a bencinsa, su sa ya ɗinka musu babbar jakar tafiya, su jira ta kwana uku. Daga baya samari masu goyon jaka suka zo, su yi ta ciniki har ya yi gumi, amma su tafi da takalmi. Na yanzu tun daga ƙasarsu suka biya komai, ci da kwana da mota. Masu taro kuwa gilashin motarsu kawai ya sani. Haka aikinsa ya yi ta ƙanƙancewa, daga jakar tafiya har ya dawo maratayin makulli.

Da azahar ya rufe rumfa, ya hau bas zuwa ofishin kula da baƙi, inda 'yar ƙanwarsa ke aiki a hawa na uku.

"Kawu! Ai da ka kira ni na zo."

"Zama bai gan ni ba, 'yar nan. An ce daga ɗakin nan takardar ta fito."

Ta juyo masa da kwamfuta, ta nuna masa wani zane mai layi biyu. "Wannan jan layin na masu taro ne. Abin da kowannensu ke kashewa a rana ya ninka uku cikin shekara goma. Wannan shuɗin da ke gangarowa na masu hutu ne. Shi ya sa aka ce a kula da masu taro."

"A ina suke kashewa? Ni ko ƙwandalarsu ban taɓa gani ba."

"Ɗakin kwana, zauren taro, hayar mota. Masu otal ɗin kuma a ƙasar waje suke, kuɗin ko kwana ba ya yi a nan. Ɗan abin da masu hutu ke kashewa shi ke shiga hannunku. Wallahi duk na rubuta a rahoton, Kawu, a shafi na tara."

"To?"

"Manya shafin farko kawai suke dubawa. Shi ke da zane."

"Wa ya yi zanen?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni."

Ya matso ya ƙara kallonsa. "Ya yi kyau kuwa. Hannun gidanmu gare ki."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce ranar Talata ƙarfe goma kwamiti zai zauna ya sa hannu kan tashin layin. Kowa na iya shiga, kuma in wani ya nemi a karanta wani shafi, dole a karanta. A zaman da ya wuce, kujerun jama'a babu kowa a kai.

"Ke fa?"

"Ni ruwa nake raba musu."

"Ni ma in na miƙe, suka ce malam nuna mana inda kake nufi, me zan nuna?"

Ta rako shi har bakin matakala.

Da ya dawo layi Masassaƙi ya ɗago. "Yaya, me suka ce?"

"Sun ce baƙi na ta kashe kuɗi."

"Madalla. Ashe mun yi arziki ba mu sani ba."

Wasu ma'aikata biyu na jan igiyar awo tun daga farkon layin. Da suka iso rumfarsa, ɗaya ya ce, "Baba, ɗan ɗaga mana." Baduku ya ɗauke bencinsa da kansa, ya rungume shi a ƙirji har suka gama awo.

Kai dai ka iya karatu, ga shi har ka kawo nan. Talata, ƙarfe goma, hawa na uku. Ka je ka zauna a kujerar jama'a, ka ɗaga hannu, ka ce a buɗe shafi na tara.