Tawul Mai Zafi na Norihiko

Ranar da labarin ya iso, Fusae tana bayan gida tana shanya kifi a kan raga. Wani ne ya bugo waya daga kamfanin da ɗanta Norihiko yake aiki a Osaka, ya ce zuciyarsa ta tsaya a bakin aiki. Ta ce to. Ta koma ta ƙarasa jera kifin, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba.

Mutanen kamfanin suka kawo mata tokar gawarsa da aka ƙona da kwalin kayansa, suna ta rusunawa. Duk abin da ta tambaya, amsa ɗaya ce: mutumin kirki ne. Yaron da ya fi rabin rayuwarsa a birni, a ce ba mai ba ta labarinsa ko ɗaya? Sai ta tuna abin da yakan ce a waya: "Inna, ki zo in kai ki mashayar Mama Reiko a unguwar Namba, ki ji yadda nake waƙa." Ita kuwa kullum sai ta ce, wa zai duba kifin?

Da aka gama zaman makoki ta ja ƙanwarta Tomiko suka hau jirgin ƙasa. Ba wadda ta taɓa zuwa Osaka a cikinsu.

Rana na faɗuwa Namba ta kama da wuta. Fitilu har sama, kiɗa ta kowace ƙofa, samari suna tura musu takardun talla a fuska. Tomiko ta tsaya sayen takoyaki, wani abin ci mai kama da ƙosai, ta tsaya ɗaukar hoto a kan gada.

"Yaya, ki ɗan yi murmushi mana! Kamar an aiko ki kamun ɓarawo."

"Yawon buɗe ido na kawo ki? Haɗiye mu tafi."

Kowane bene cike yake da mashaya, ƙofa kusa da ƙofa, ba taga, ba mai leƙowa. Suka hau, suka sauka, suka sake hawa. Wani ya ce ya san Reiko uku. Wani ya yi musu dariya ya wuce. A ƙarshe mai kai ƙanƙara ne ya nuna musu wata ƙofa ja a ƙarshen lungu.

Wata dattijuwa mai jan baki ta buɗe kaɗan, ta dube su daga sama har ƙasa.

"Ku yi haƙuri, ba ma karɓar baƙon ido. Sai wanda ɗan gida ya kawo."

"Norihiko ne ya ce in zo."

"Wannan ɗan banzan? Ya sami wata mashaya ya guje ni, shi ne zai aiko mini tsofaffi? Ki gaya masa kwalbar giyar da ya bari da sunansa na jira na gaji, makon jiya na zubar. Haka dokar gidan take."

"Ni ce uwarsa," in ji Fusae. "Ya rasu."

Dattijuwar, wato Reiko, ta daɗe riƙe da ƙofar. Sannan ta buɗe ta duka.

Wurin bai fi ɗakin girkin Fusae ba. Sun zauna ke nan sai ga ma'aikatan wani ofis sun cika shi, suka warce makirfo suka hau waƙa. Reiko tana zuba giya, tana tafi, tana dariyar dole. Fusae ta yi tambaya, kiɗa ya haɗiye. Ta sake yi.

"Wace waƙa yake yi?"

"Me?"

"Na ce wace waƙa!"

"Duk wadda ya samu, Inna! Kuma muryar, sai haƙuri!"

Wani mai tumbi ya miƙo wa Fusae makirfo. "Kaka, saura ke!" Ta ture hannunsa. Ta yi niyyar tashi, sai Reiko ta ajiye musu tawul mai zafi na goge hannu, ta sunkuyo daidai kunnenta.

"Kin ga wannan? Kowa hannu yake gogewa. Ɗanki kuwa sai ya kifa shi a fuska, ya bi wuya, ya bi bayan kunne, ya ce 'Ahh, na dawo gida.' Na yi faɗa har na gaji. Na ce wa ya koya maka wannan ƙauyancin? Ya ce in je in tambayi uwarsa."

Fusae ta riƙe tawul ɗin har ya huce. Haka take goge shi yana ƙarami in ya dawo daga bakin teku, yana zillewa tana damƙe da ƙeyarsa.

Aka kira Reiko daga can ƙarshe, ba ta ƙara samun sukuni ba. Abin da Fusae ta samo daga Osaka ke nan. A jirgi Tomiko ta ce ai da sun zauna har a tashi. Fusae ta ce ta rufe mata baki.

Har yau, in ta kwashe kifi da yamma, takan tsoma ƙaramin tawul a ruwan zafi, ta matse, ta naɗe shi, ta ajiye gaban hotonsa.