Za Mu Zo Mu Ɗauke Ku

Sau uku ta buga ƙofar garejin kafin wata tsohuwa ta leƙo ta taga.

"Sannu, Kaka. Daga gidan talabijin muke. Yaran da ke kiɗa a nan muke nema."

"Ai tun hantsi suka fita, 'yar nan. Suna bakin titi suna jiran ku."

"Bakin titi kuma? Me ya kai su?"

"To, ba ke kika bugo wa jikata waya jiya kika ce za ku zo ku ɗauke su ba?"

Sabuwa ta saki ƙofar garejin. Watanta uku a ɗakin labarai tana zaman gwaji, kuma Sabuwa kowa yake kiran ta, don babu wanda ya ga amfanin haddace sunan wadda ba a san ko za ta ga wata na huɗu ba. Wannan ne karon farko da Edita ta ba ta rahoto nata na kanta: minti ɗaya da rabi a kan matasa biyar da suka haɗa ƙungiyar kiɗa a garejin kakarsu, a labaran ƙarfe bakwai da duk ƙasar ke kallo. "Ki kawo min kafin huɗu," in ji Edita. "Sai na gani zan san ko zan sa hannu a takardarki."

Ta leƙa cikin garejin. Babu ganga, babu jita, sai igiyar wuta ɗaya a yashe da tabon ƙafafun kujeru a kan siminti.

Mai kamara, wanda ya shekara ashirin a aikin kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan, ya jingina da mota yana sakace.

"Me kika ce musu daidai?"

"Abin da kowa ke faɗa a ofis. Gobe za mu zo mu ɗauke ku."

"A ofis ke nan. A waje, in ka ce za ka ɗauki mutum, kujera yake jira a mota."

"Ka ji ni ina wayar, ba ka ce komai ba."

"Ba ki tambaye ni ba."

A tashar bas suka same su, su biyar a jere, da fararen riguna da suka sha guga. Ganguna a ɗaure da igiya, jita biyu a jaka, lasifika a kan kwali. Yarinyar da ke rera musu waƙa, wadda suke kira Zabiya, ta taso da fara'a, sai ta ga ƙaramar motar da ta riga ta cika da kayan kamara.

"Anti, babbar motar tana baya ne?"

Sabuwa ta yi bayani. Ta sake yi, a hankali. Ɗaukar hoto take nufi, a garejinsu, suna cikin kiɗa. Babu wanda zai je gidan talabijin.

"Wato ba za mu shiga inda ake karanta labarai ba?" in ji mai ganga.

"A'a."

"Na gaya wa duk 'yan ajinmu."

"Ni kuma mamata ta hana ƙanina sa takalminsa yau don in sa," in ji mai jita, yana kallon ƙafarsa.

Ƙarfe biyu da kwata. Ta ce su koma gareji. Suka ce haɗa kayan kaɗai sai ya ci awa guda, kuma mai kurar da ya kawo su ya tafi. Ta ce to su kaɗa a nan. Suka tambaye ta ko jikin bencin za su jona lasifikar. Haushi ya turnuƙe ta: haushinsu, haushin mai kamara, da babban haushin, na bakinta. Kwana uku tana haddace gabatarwarta a gaban madubi, har mahaifiyarta ta iya ta, ga shi yara biyar sun juya mata ƙeya.

"Ku taimake ni mana. Aikina ne a kan wannan rahoton."

"Mu ma awa huɗu muka yi a rana, Anti," in ji Zabiya, ta koma ta zauna.

Wayarta ta yi ƙara. Edita ce.

"Kin ɗauka?"

"Muna kai, Madam."

"Ban tambaye ki inda kuke ba." Ta kashe.

Mai ganga ya fara buga akwatin gangarsa da tafin hannu, ba don kowa ba, don huce takaici. Zabiya ta kalli Sabuwa ido cikin ido, ta ɗora murya a kan bugun: wai an ce za a ɗauke su, sun yi guga sun yi wanka, bas goma ta wuce, ta goma sha ɗaya ma ba tasu ba ce. Sauran suka amsa. Mai jita ya zaro jitarsa ya bi su haka nan babu wuta. Masu jiran bas suka fara juyowa, wata mata da jakar cefane ta hau tafi.

Zagi ne ƙarara, kuma Sabuwa ta san da wa ake. Ta buɗe baki za ta ce ya isa, sai ta ji an dunguri gwiwar hannunta. Kamara tana kafaɗar mutumin, jar fitilarta a kunne.

"Rufe bakin nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Miƙa makirufo."

Ta miƙa. Minti shida tana tsaye hannu a sama ana yi mata waƙar habaici, bas ta zo ta tafi babu wanda ya shiga. Da suka gama ta yi musu tambayoyi uku, suka amsa suna haki suna dariya. Gabatarwarta kuwa sau ɗaya ta samu yi, wata babbar mota ta danne rabinta da hon.

Huɗu saura biyar ta miƙa rahoton. Edita ta kalla, ta yanke gabatarwar gaba ɗaya.

Ƙarfe bakwai da minti ashirin rahoton ya fita. Sabuwa tana tsaye a bayan ɗakin labarai lokacin da mahaifiyarta ta kira.

"Mun tara maƙwabta, ba mu gan ki ba. Hannu dai muka gani, na ce musu naki ne, ga agogon babanki nan."

"Shi ne, Mama."

"Amma waƙar ta yi daɗi. Wace marar kirki ce ta shanya yaran mutane a rana?"

"Zan gaya miki in na dawo."

Edita ta zo wucewa da jakarta a kafaɗa, ba ta ko rage tafiya ba.

"Ke, Sabuwa. Ranar Litinin za mu ɗauke ki."

Sabuwa ta bi ta har bakin ƙofa.

"Madam, don Allah, wane irin ɗauka?"