Koci a Bayan Sito

Koci mutum ne mai murya da tumbi. Ya daɗe yana koyar da wasanni a makarantar sakandare, kuma aikinsa bai wuce hura usur da ba da labarin kansa ba. Yana da wata farar kujerar roba a bakin fili, wadda ta lotsa daidai da zamansa har ba ta yi wa kowa daɗi sai shi. Daga kanta yake horar da yaran da ke tsere. In sun fara haki ya ce, "A zamaninmu wannan ai ɗumama jiki ne." Ya maimaita maganar har shi ma ya fara yarda da ita. Gaskiya ne ya taɓa zuwa na uku a wata gasa yana saurayi, sai dai ba ya faɗin cewa wanda ya zo bayansa takalminsa ne ya fice a hanya.

Zaman lafiyarsa ya ƙare ne da aka kawo sabuwar malama ta kula da 'yan mata. Ita ba ta nemi kujera ba. Kullum da safe tana cikin ɗalibanta, tana gudu tana yi musu magana. Yaran Koci suka fara kallonta, su juyo su kalle shi.

Ran nan a ɗakin malamai Shugaban makaranta ya tayar da zancen. Ya ce, "Wai ya kamata mai horarwa ya riƙa gudu tare da yara ne, ko tsayawa zai yi?"

Koci ya gyara zama. Ya ce aikin koci ido ne. In yana gudu, wa zai ga yaron da ke taka ƙasa a karkace, wa zai riƙe agogo? Shi kansa ya ji daɗin bayanin, don rabonsa da faɗin magana mai ma'ana haka an jima.

Malama ta ce, "Gaskiyarka, Malam. Ni ma in ina ciki ba komai nake gani ba. Amma in na kwana biyu ban yi ba, sai in manta yadda ƙirji yake ji a ƙarshe, in ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu."

Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Sai malamin lissafi ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ai Koci ba ya mantuwa. Shi da wannan filin ɗumama jiki ne a wurinsa."

Aka yi dariya. Kafin Koci ya yi shawara da ƙafafunsa, bakinsa ya riga ya ce, "Gobe ku fito ku gani."

A gida ya birkita akwati yana neman tsohon wandon gudunsa. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, me kake nema?"

"Gudu zan yi gobe."

"Wa ya biyo ka?"

Ya yi mata bayani. Ta ce, "Kai da in za ka hau bene sai ka tsaya a tsakiya kana yi kamar an kira ka a waya?" Wandon dai ya ƙi wuce cinya. Ta ɗauko masa na babban ɗansu, ta haɗa masa da addu'a.

Hanyar da yake ba yaran doguwa ce. Daga fili a bi bayan azuzuwa, a wuce wani tsohon sito, a kai katangar ƙarshe, a zagayo a dawo. Shi ya tsara ta, amma bai taɓa taka ta ba. Malamai suka jeru a bakin fili, malamin lissafi ya karɓi usur ya hura.

Koci ya fita a gaba kamar gaske. Har ya ji wani abu mai kama da ƙuruciya ya motsa a jikinsa, amma kafin ƙarshen azuzuwa ya gane ba ƙuruciya ba ce, karin kumallo ne. Yara suka fara wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa, "Sannu, Koci," da irin muryar da ake gaida maras lafiya. Can ya duba ya ga saura shi da Dogo, yaron da kullum yake zuwa ƙarshe, wanda ya sha kira malalaci. Yau malalacin ne ke rage gudu don kada ya bar shi.

Da suka sha kwanar sito, Dogo ya yi turus. Tsakanin sito da tankin ruwa akwai wata 'yar hanya da ta ratsa ciyawa, ta yi sumul saboda yawan taku. A bakinta yaransa ne kusan rabi, har da Kyaftin ɗinsu, suna zaune kan bulo suna hutawa. Sun ɗauka ya daɗe da sarewa ya koma.

Aka yi kallon kallo. Koci ya buɗe baki zai yi tsawar da aka san shi da ita, abin da ya fito sai wani ɗan sauti kamar tayar keke tana sacewa. Ya nemi bulo ya zauna. Wani ya tara masa ruwa a famfon tanki, Dogo ya cire riga yana yi masa fifita.

Da numfashi ya dawo ya nuna hanyar ya ce, "Tun yaushe?"

Kyaftin ya sosa ƙeya. "Mu ma samunta muka yi, Koci. Yayana ne ya nuna min."

"Yayanka da na ce ban taɓa ganin mai juriya irinsa ba?"

"Shi."

"To, don me?"

"Zagayen ya yi yawa, Koci. In muka yi shi duka, ba ma iya zama a aji. Kuma in mun faɗa sai ka ce a zamaninku."

Koci ya sunkuyar da kai. Ya tuna yadda yake duba agogo yana yi wa malamai alfahari da saurin yaransa, da yadda suke shan kashi duk lokacin da aka je gasa, shi kuwa ya dawo yana zagin alƙalai. Ashe alƙalan nan, bayin Allah, an ci namansu a banza.

Ya ɗaga kai ya hango katangar ƙarshe, can nesa kamar wata ƙasa. Ya dubi 'yar hanyar.

Dogo ya ce a hankali, "In aka bi ta nan, ana fitowa daidai bayan na gaba."

Koci ya so a ce ya yi dogon tunani. Bai yi ba. Ya ce, "Ku sa ni a tsakiya."

Haka ya ɓullo fili cikin yaransa, malamai na tafi. Shugaba ya kama hannunsa yana girgizawa, malamin lissafi ya ce ya janye maganarsa. Malama kaɗai ta dubi ciyawar da ta maƙale a ƙafar wandonsa, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam," ta kau da kai tana danne dariya.

Washegari sai da matarsa ta kama shi ya sauko daga gado, tana gasa masa gwiwa da ruwan zafi tana cewa, "Ka ga zakara." Da ya koma aiki bai hukunta kowa ba, don ya rasa da wace fuska zai yi. Ya rage tsawon zagayen, ya koma tsayawa a kwanar sito, wani lokaci ya taka da sauri tare da na baya. Lissafin agogonsa ya lalace, yaran duk suka zama marasa sauri a takarda. A gasar da ta biyo baya ba su ci kofi ba, amma a karon farko sun bar wasu makarantu a bayansu.

Matsalar ita ce Shugaba bai manta da bajintar ranar nan ba. Da aka ce za a yi tseren malamai tsakanin makarantu, ya miƙa sunan Koci ba tare da ya tambaye shi ba, har yana gaya wa mutane yana da wani dattijo da zai ba su mamaki.

Koci ya gwada ɗingishi na kwana biyu, ba wanda ya kula. Daga ƙarshe ya sami Malama a bakin fili, ya sassauta murya ya ce, "Ƙanwata, ko akwai wuri a bayan layinku?"

Ta ce akwai. Da safe ya shiga sahun ƙarshe na 'yan mata, yana haki, tumbi na gaba yana biye. Wata ƙaramar yarinya 'yar aji ɗaya ta waiwayo ta dube shi da tausayi ta ce, "Koci, ɗaga gwiwa. Kuma ka daina duban ƙasa."

Ya ce, "To," ya ɗaga iya abin da ya ɗagu.