Ƙofa Marar Sakata

Huseina tana durƙushe tana auna nisan soket daga ƙasa sa'ad da ƙarar fashewa ta farko ta girgiza bango. Ta tsaya da tef ɗin awo a hannu. Ta biyun ta fi kusa.

Sati uku ke nan tana shirya wannan ɗaki a gidan Alhaji Mudi, mai shigo da atamfa, a unguwar Mursal. Kwamfuta huɗu ya sayo wa ofishinsa, ya ce ta zaɓa musu mazauni. Ta zaɓa yadda aka koya mata a makaranta: ɗakin tsakiya, mai kaurin bango, nesa da titi. Ta sa aka toshe taga da bulo, aka ɗaga daɓe saboda ruwan damina, aka kafa ƙofar ƙarfe. Dā ɗakin yayarsa ne, Hajiya Mairama, wadda ƙafafunta suka mutu. Aka mayar da ita ɗakin bakin titi mai tagar gilashi. Huseina ta gani, ta ce a ranta ba aikinta ba ne.

Tun jiya Alhaji ya tsallaka kogi zuwa Kuseri da iyalinsa, kan cewa yau zai aiko wa Hajiya mota. Waya kuma ta daina shiga. Tsoho Yunusu mai gadi ya leƙo da ƙunshinsa a ka.

"Malama, fito mu kama hanyar gadar Ngeli. 'Yan tawaye sun iso kasuwa."

"Hajiya fa, Baba?"

"Da wane bayan zan goya ta? Kalas, shi ke nan, ni na yi gaba."

Huseina ta tarar da tsohuwar kwance, fasassun gilasai warwatse a kan zanenta.

"'Yar injin ce?" in ji Hajiya. "Nan ma aunawa kika zo yi?"

"Ɗaukar ki zan yi, Inna."

Ta fara fitar da kwalayen kwamfutocin, ɗaya bayan ɗaya, ta jibge su a tsakar gida inda duk wanda ya hauro katanga zai gan su. Sannan ta jawo Hajiya a kan tabarma, tana haki, har tsohon ɗakinta.

Sai da ta jawo ƙofa ta shafa neman sakata, hannunta ya tuna mata. Babu. Ita da bakinta ta ce wa mai walda kwaɗo daga waje ya isa, wa zai kwana da inji?

Hajiya ta gane. "Kulle ni ki tafi, 'yar nan. Ki kai wa Mudi makulli."

"In ban kai ba fa?"

Tsohuwar ta dubi bulon da ke inda tagarta take a dā. "To ai kin gyara mini kushewa. Har da daɓe."

Huseina ta daɗe tana juya kwaɗon a tafinta. Daga bisani ta ajiye shi, ta warware doguwar wayar da ta sayo don haɗa kwamfutocin, ta zarga ta a ƙarfen gicciyen ƙofar, ta naɗa sauran a ƙugunta. Ta zauna ta tokare ƙafafu a bango. Ɗakin ya yi duhu kamar cikin tulu.

Wajen la'asar aka diro tsakar gida. Muryoyin maza, suna dariya, suna ƙirga kwalaye da Larabci. Takun ɗayansu ya rabu da na sauran, ya matso, ƙofa ta motsa kaɗan. Wayar ta ci naman ƙugun Huseina.

A bayanta ta ji tabarma tana jan ƙasa a hankali. Hannaye biyu busassu suka laluba suka kama wayar, daidai ƙasan nata.